Daga Ruwan Takedda zuwa Rijiyoyin Gwaram: Tarihin Raba Jan Ƙarfe da Ruwan Sha

A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takedda, yamma da duwatsun Azbin, bayan tafiya mai wahala daga Gao wadda ya yi jinya a cikinta. Cikin abubuwan da ya ba da labari game da garin akwai wanda masu tarihi kan wuce shi da sauri: ruwan Takedda yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, shi ya sa launinsa da ɗanɗanonsa suka jirkita. A rubutattun labaran wannan yanki da wuya a sami ƙorafin gurɓatar ruwa da ya girme wannan.

Mutanen garin kuwa ba su da dalilin ƙin jan ƙarfen, domin shi ne kuɗinsu. Ana haƙo shi a bayan gari, bayi maza da mata su narka shi a cikin gidaje, a zuba shi sanda-sanda. Masu kauri 400 ne a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itacen girki, masu kaurin a sayi gero da alkama da man shanu da bayi. Daga nan fatake ke kai shi Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana suke karantawa Gobir.

An daɗe ana jayayya a kan wannan labari. Bafaranshen nan Henri Lhote ya tsaya a kan cewa arzikin Takedda gishiri ne, kuma lallai ruwan wannan yanki ruwan gishiri ne, kamar yadda Tegidda-n-Tesemt take shaida har yau. Amma a shekarun 1970 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka bincika kufan Azelik, suka tarar da kaskon narka ƙarfe da ɓurɓushin jan ƙarfe da kashinsa a warwatse. Tun daga lokacin yawancin masana suka karkata ga cewa Azelik ita ce Takedda. A zamaninmu an sake haƙa ƙasar Azelik, sai dai wannan karon yuraniyam ake nema.

Abin da ya dawo da ni ga wannan tsohon labari shi ne duwatsun kudancin Jigawa. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bauchi ta Wudil ya san yadda ƙasa ke sauya fuska kafin a isa Birnin Kudu: shimfiɗar yashi ta ja da baya, manyan duwatsu su taso, masu santsi, wasu a ɗore a kan wasu. A kogunansu ne zane-zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa suke, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗa da ke wurin. Masana ƙasa kuma suna kallon wani abu dabam. Duwatsun Dutse da Birnin Kudu da Fagam ta ƙaramar hukumar Gwaram da Shira ta jihar Bauchi 'yan gida ɗaya ne da na Riruwai da na Jos. Jerin tsofaffin tushen aman wuta ne da ya faro daga Azbin, ya bi ta Damagaram, ya gangara kudu har Afu kusa da Binuwai, kuma kowane mataki zuwa kudu ya fi na bayansa ƙuruciya: na Dutse suna da shekara wajen miliyan 213, na Afu wajen miliyan 141. Wannan dangin duwatsu ne ya ba Nijeriya kuza da kwalambait. A jijiyar ma'adinin Riruwai kuma, tare da kuzar, akwai ma'adinan zinki da dalma da jan ƙarfe, dukkansu haɗe da kibiritu.

Haɗin kibiritun nan shi ne abin lura. Muddin ma'adinin yana rufe cikin dutse ba ya cutar kowa. Da zarar an fasa dutsen iska da ruwa suka same shi, kibiritun ya zama asid, asid ɗin ya narka ƙarafan da ke kusa, ruwan sama ya kwashe su. Ga shi kuma kudancin Jigawa a kan tsohon dutse yake zaune, sabanin arewa maso gabashin jihar da ke kan shimfiɗar yashi da laka ta tafkin Chadi. Ruwan rijiya da na burtsatse a nan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutse da tsagoginsa, ba shi da zurfin da zai kare shi daga abin da ake yi a sama. Irin wannan ruwa kuma sau da yawa ba shi da alli sosai, yana da ɗan tsami, don haka yakan ci bututu da kan famfo na tagulla. Yadda haƙar ma'adinai ta hannu take bazuwa a Arewa, tambayar yadda ake fitar da ƙarfe daga ruwa ta zama ta kowa.

Jan ƙarfe dai ba dalma ba ne, kuma bai kamata a haɗa su a jaka ɗaya ba. Jiki ba ya buƙatar dalma ko ƙwayar zarra, amma babban mutum yana buƙatar jan ƙarfe kusan miligiram 1 a rana, yana kuma samunsa daga wake da gyaɗa da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 2 a lita, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta sa miligiram 1, Amurka kuma tun 1991 take tilasta ɗaukar mataki idan ya haura 1.3. Iyakar dalma kuwa miligiram 0.01 ce. Idan jan ƙarfe ya kai wajen miligiram 5 a lita yakan fara tayar da zuciya, ruwan ya yi ɗaci, ya bar shuɗin tabo a jikin kwano. Haɗarin ya fi tsanani ga jarirai. A yankin Tirol na Austiriya yara 138 suka mutu da ciwon hanta tsakanin 1900 da 1974, kuma binciken da aka yi daga baya ya gano abu biyu da suka haɗu: gado a jini, da madarar da ake dafa musu a tukwanen jan ƙarfe da tagulla marasa shafen kuza. Da aka sauya tukwane cutar ta ɓace. An ga makamancin haka a Indiya. Kifi kuwa ya fi mu rauni nesa ba kusa ba, domin ƙaramin kaso na abin da mutum zai sha lafiya ya isa ya kashe shi.

Mutanen farko da suka cire jan ƙarfe daga ruwa riba suke nema, tsaftar ruwan ba ta dame su ba. A ƙasar Sin, Shen Kuo ya rubuta a wajen 1088 game da wani marmaro mai ɗaci a Qianshan, wanda kaskon ƙarfen da ake dafa ruwansa a ciki kan rikiɗa ya zama jan ƙarfe in an daɗe ana amfani da shi. Kafin ƙarshen wannan ƙarni daular Song ta mai da abin sana'a: a jiƙa ɓallayen baƙin ƙarfe a ruwan ma'adini, a bar su kwanaki, a kankare jan ƙarfen da ya taru, a buga kuɗi da shi. Babu sihiri a ciki. Baƙin ƙarfe ya fi jan ƙarfe saurin narkewa, don haka sai su yi musaya, wannan ya shiga ruwa wancan ya fito. Haka aka yi a Rio Tinto ta Sifen, haka kuma a Dutsen Parys na Wales bayan gano babbar jijiyarsa a 1768, inda aka gina tafkuna ana zuba musu tarkacen ƙarfe. Ruwan da ke fita daga tafkunan yana nan da asid ɗinsa, ga tsatsa ta ƙaru, amma wannan ya zama matsalar mutanen gangare.

Mutanen gangare sun sami murya a Japan. Furukawa Ichibei ya karɓi ma'adinin Ashio a 1877, cikin shekaru kaɗan ya mai da shi babbar mahaƙar jan ƙarfe ta ƙasar. Kifi ya ƙare a kogin Watarase. Ambaliyar 1890 da ta 1896 suka shimfiɗa laka mai guba a gonakin shinkafa, ƙasar da a da ambaliya ke ƙara mata albarka ta daina tsiro. Wani ɗan majalisa, Tanaka Shozo, ya kai maganar gaban majalisa a 1891, ya yi ta maimaita ta shekara 10, sannan a 1901 ya ajiye kujerarsa ya tare ayarin Sarki Meiji a titi da takardar koke a hannu. A 1897 gwamnati ta tilasta wa kamfanin gina tafkunan kwantar da laka da wuraren tace ruwa. Amma maganin da ta zaɓa a ƙarshe shi ne ta tashi ƙauyen Yanaka, ta rushe gidajen da suka ƙi tashi a 1907, ta mai da wurin matattarar ambaliya inda lakar za ta kwanta. An rufe Ashio a 1973, kuma har yanzu ana tace ruwan da ke tsiyayowa daga ramukanta.

A gefe guda wani ilimi yana tasowa wanda asalinsa ba shi da alaƙa da ma'adinai. A 1773 Carl Scheele na Sweden ya lura gawayi yana riƙe iska. A 1785 Tobias Lowitz, a birnin St. Petersburg, ya ga yana cire launi daga ruwa, kuma ba da jimawa ba masu sarrafa sukari suka rungumi gawayin ƙashi don farantar da hajarsu. Matakin da ya fi shafar maganarmu ya zo ne daga gona. A 1850 H. S. Thompson da John Thomas Way a Ingila suna son sanin dalilin da ruwan sama ba ya wanke taki daga ƙasa. Suka zuba ruwan gishirin amoniya ta cikin ƙasar noma, sai amoniyar ta tsaya, ruwan ya fito ɗauke da kalsiyam a madadinta. Ashe fuskar ƙwayoyin yumɓu tana da caji, tana riƙe da wasu sinadarai, tana kuma sakinsu idan waɗanda ta fi so suka zo. Sunan da Turawa suke kiran wannan riƙo da shi Heinrich Kayser ne ya fara amfani da shi a 1881. Da Hausa na fi son kiransa ɗafewa, don a bambanta shi da tsotsa. Soso yana tsotse ruwa har cikinsa. Ƙarangiya kuwa ɗafewa take yi a jikin riga, kuma yawan wadda za ta ɗafe ya danganta da faɗin rigar.

Da aka fahimci cewa faɗin fuska shi ne jari, sai aka shiga neman hanyar ƙara shi. A 1900 da 1901 Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyoyin gasa gawayi da tururi ko da sinadarai har ya cika da ƙananan ramuka. Giram 1 na irin wannan gyararren gawayi zai iya samun fuskar da ta kai murabba'in mita 1,000, wato giram 7 ya kai filin ƙwallo. Yaƙin Duniya na Farko ya hanzarta sana'ar, domin da shi Nikolai Zelinsky ya yi takunkumin kare sojojin Rasha daga iskar guba a 1915. Herbert Freundlich a Jamus da Irving Langmuir a Amurka suka ba abin lissafi. Hoton Langmuir na 1918 mai sauƙi ne: fuskar tana da gurabe ƙididdigaggu, kowane gurbi na ɗaukar baƙo ɗaya, idan sun cika shi ke nan. Ya sami kyautar Nobel a 1932. A 1935 Basil Adams da Eric Holmes suka ƙera ƙwayoyin roba masu musayar sinadarai, waɗanda masana'antu ke amfani da jikokinsu har yau.

Duk waɗannan kayan masu kuɗi ne. Juyin da ya kawo maganar ƙofar gidanmu ya faru a shekarun 1970, lokacin da dokokin muhalli suka tsananta a Amurka. Masu bincike na ma'aikatar noma a California, cikinsu har da J. M. Randall, suka nuna a 1975 cewa jar fatar gyaɗa, wadda mata ke sheƙewa bayan suya, tana kama jan ƙarfe daga ruwa. Sirrin yana cikin sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a cikin bagaruwa. Matsalarsa ita ce shi ma yana narkewa ya rina ruwan, sai da suka ɗaure shi da wani sinadari. A Nijeriya F. E. Okieimen da abokan aikinsa na Jami'ar Benin sun bi wannan sawu tun shekarun 1980 da ɓawon gyaɗa da totuwar masara. Yau da wuya ka shiga sashen kimiyyar sinadarai a wata jami'ar Arewa ka rasa kundin ɗalibi a kan buntun shinkafa ko ɓawon kuka ko ƙwallon goriba ko farar ƙasa. Duka kuma kayan da manomin Birnin Kudu da Gwaram ke tsallakewa ne a tsakar gida. Har jar marmara da ake zuba wa hanya tana cikin jerin, domin tsatsar ƙarfen da ta ba ta launi tana cikin abubuwan da suka fi riƙe jan ƙarfe a cikin ƙasa.

Dabarun gida na tace ruwa suna da nasu matsayi a wannan tarihi, amma akwai ruɗi a ciki. Samia Al Azharia Jahn ta yi shekaru, daga ƙarshen shekarun 1970, tana rubuta yadda matan bakin Nilu a Sudan ke kwantar da lakar ruwa da dakakken irin zogale, kuma gwaji ya tabbatar da aikinsa. Furotin ɗin irin yana da caji kishiyar na ƙwayoyin laka, sai ya dunƙule su su nutse, kamar yadda alif ke yi. Jan ƙarfen da ke manne da lakar zai nutse tare da ita. Wanda ya riga ya narke kuwa cajinsa iri ɗaya ne da na furotin ɗin, saboda haka ba a dogara da zogale a kansa. Ruwa ya yi garau a randa, ido ya gamsu, ƙarfen yana nan. Tafasawa ma ba ta taɓa shi, sai dai ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Kulorin kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa.

A nan nake da ja da yawancin binciken da muke yi, ko da yake ina ganin ƙimarsa. Tsarin kusan ɗaya ne: a narka gishirin jan ƙarfe a tataccen ruwan ɗakin gwaji, a zuba garin ɓawo, a girgiza, a auna, a ɗora sakamakon a kan lissafin Langmuir, a ce an cire kashi 90 da wani abu cikin 100. Abu na farko, tsamin ruwa shi ne alƙali. Idan ruwan ya yi tsami sosai, kamar na ramin ma'adini, asid ɗin ne ke cike guraben, jan ƙarfe ya rasa wurin zama. Idan kuma ma'aunin pH ya haura 6, jan ƙarfen da kansa yake fara kwantawa ko babu ɓawon komai, kuma mai binciken da bai yi gwajin kwatance ba zai ba garinsa yabon da bai ci ba. Gawayin itace da na buntu suna ɗauke da toka, toka kuma tana rage tsami, don haka wani kaso na nasararsu aikin toka ne. Abu na biyu, ruwan rijiya ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana tafe da kalsiyam da maganiziyam da baƙin ƙarfe, sau da yawa ninkin-ba-ninkin na jan ƙarfen, kowannensu yana neman gurbi.

A ɗauki misali don a ga girman abin. Gida mai shan jarka 5 a rana, lita 100 ke nan. A ce ruwan yana da miligiram 5 a lita, ana so a sauko da shi zuwa 1. Za a cire miligiram 400 kullum. Idan garin yana riƙe miligiram 10 a kowane giram, giram 40 ya isa a takarda, wato bai cika tafin hannu biyu ba. Amma adadin da ake bugawa shi ne na lokacin da guraben suka cika maƙil a cikin ruwa mai ƙarfin gaske. A ruwa mai ɗan ƙarfe kaɗan garin ba ya kaiwa ko kusa da wannan, saboda haka a aikace za a ninka giram 40 ɗin sau da yawa. Har yanzu abu ne mai yiwuwa, kuma wannan ne ya sa fannin ya cancanci kuɗi. Wahalar tana wani wuri: matata ba ta sanar da ranar da ta cika. Ruwan yana fitowa da kamanninsa na jiya, alhali ƙarfen ya fara wucewa, wani lokaci ma wanda aka kama a baya ya saki. Gane wannan sai da awo, awon kuma galibi ana yinsa ne da na'urar da Alan Walsh ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1955, wadda a wurinmu sai a jami'o'i da manyan ɗakunan gwaji ake samunta. Kundin da zai ɗebo ruwa daga rijiyoyin Fagam da damina da rani, ya zuba shi ta bututu mai cike da gawayin buntu wata 3 yana aunawa kowane mako, ya fi mini kundi 20 na girgiza kwalba.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: ina za a kai garin da ya cika? Ƙarfe ba ya ruɓewa, ƙonawa ma ba ta kashe shi. Zamfara ta nuna nauyin wannan. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganin da aka ba waɗanda suka rayu shi ma kamu yake yi, ya riƙe dalmar a jini ya fita da ita ta fitsari, amma likitoci sun ƙi fara shi a ƙauyen da ba a tsaftace ba, domin yaron zai koma ya kwashi wata. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a Dareta da Yargalma da Abare, daga baya Bagega a 2013, aka kai ta ramuka na musamman aka binne, aka shimfiɗa sabuwa. A 2015 aka maimaita labarin a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ga jan ƙarfe akwai mafitar da dalma ba ta bayarwa cikin sauƙi. Ana iya wanke cikakken garin da ruwan asid mai rauni, ƙarfen ya saki ya taru a ɗan ruwa kaɗan, a jefa tsofaffin ƙusoshi a ciki, ya kwanta a jikinsu kamar yadda ya kwanta a kaskon Qianshan. Wannan aiki ne na wuri ɗaya mai ma'aikaci da safar hannu, a kusa da rijiyar gari ko bakin ramin haƙa. A gida kuwa kowa ya san makomar tsohon gawayi da toka da buntu. Juji ake kai su, kuma kafin ruwan farko ya sauka jaki ko amalanke ya kwashe jujin zuwa gona a matsayin taki, gonar da sau da yawa take gangarowa wajen fadamar da rijiyar take.